Kazata ta yi kwanci a banza, ta yaya zan gane ƙwan da zai ƙyanƙyashe?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tsohuwar kaza ɗaya da ƙananan kaji shida masu wata huɗu. Tsohuwar ta kwanta kan ƙwai 10 har kwana 25, ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. Har yau ban taɓa jin cara a gidan ba. Shin babu zakara ne a cikin ƙananan? Kuma ana iya gane ƙwai mai ɗa tun da wuri?

Wani mai kiwo: Wa alaikumus salam Hajiya. Kaza tana saka ƙwai ko da zakara ko babu, amma sai ya taka ta ƙwan zai yi ɗa. Kwanci kwana 21 ne, ki ɗauke ta ta huta. Nan gaba, idan ta kwana 7 zuwa 10 a kai, ki shiga ɗaki mai duhu ki manna fitilar waya a gefen ƙwan mai faɗi. Mai ɗa za ki ga jijiyoyi ja kamar yanar gizo, da ɗigo baƙi a tsakiya. Wanda haske ya ratsa tas, ki cire shi kafin ya zama ɓaragurbi ya fashe kan sauran.

Wata 'yar uwa: Ni a ruwa nake sakawa, wanda ya nutse shi ne mai kyau.

Wani mai kiwo: A'a 'yar uwa, ruwa tsufan ƙwai kawai yake nunawa. In za a iya sadaukar da guda, a fasa a duba farin ɗigon da ke kan gwaiduwa. Idan zobe ya kewaye shi, zakara ya yi aikinsa.

Wata dattijuwa: 'Yata, kar ki jira cara, wani sai ya haura wata biyar. Dubi zanko: na zakara ya fi girma, yana saurin yin ja. Gashin wuyansa da na gadon baya kusa da wutsiya tsini ne da su, suna sheƙi, na kaza kuwa baki zagayayye. Ƙafarsa ma ta fi kauri. Guda ɗaya ya ishi kaji goma, in sun yi yawa faɗa za su cika miki gida.

Mai tambaya: Na gode Mama. Na duba, biyu suna da wannan gashin mai tsini, ashe yara ne tukuna. Zan bari su isa kafin in sake ba ta kwanci.