Daskarar da ƙwayayen haihuwa: hutun kwana nawa zan nema?

'Yar Banki: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 33, ina aikin banki a Abuja, aure bai zo ba tukuna. Likita ta ba ni shawarar in ajiye ƙwayayena. Damuwata ofis: ƙarshen wata ko numfashi ba ma samu. Sai na ɗauki hutun sati biyu?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni kwana 2 kacal na ɗauka. Allurar da ke sa ƙwayayen su girma na yi ta kwana 11, a gida nake yi wa kaina da daddare. Abin da ke cin lokaci shi ne sikanin da gwajin jini duk bayan kwana 2 ko 3. Ƙarfe 7 nake zuwa, in wuce aiki. Amma ranar cire ƙwayayen ba ke za ki zaɓa ba. Allurar ƙarshe ana yin ta kamar awa 36 kafin a cire, ko minti ba a so ki saɓa. Tawa cirewar ta faɗo ranar taro da oga, haka na nemi uzuri. Cirewar ba ta wuce rabin awa, sai dai da maganin barci, ki tafi da mai mayar da ke gida.

Hajiyar Kaduna: Ki lissafa da al'adarki, a rana ta 2 ko 3 da zuwanta ake fara alluran. In za ta kai ki ƙarshen wata, ki bari sai wata mai zuwa. Kuma wasu alluran sai a firij, ki tanadi wuta.

'Yar Banki: Na gode Anti. Inbata (na'urar adana wuta) gare ni, ogan ne dai ban san me zan ce masa ba.