Wace buɗa (salon fara wasa) zan riƙe a shataranji in ina da baƙaƙen kaya? Dokin nan ya ishe ni

Ɗan Karantina: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya na buga wata ƙaramar gasar shataranji nan Jidda, rafid ce, wato wasan sauri, minti 15 da ƙarin sakan 10, wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Wasa biyu ina da baƙaƙen kaya duk hanya ɗaya aka kashe ni, shi e4 ni e5, ya fito da doki ni ma na fito da nawa c6, ya kawo giwa c4, na sa ɗaya dokina f6 sai kawai ya cillo nasa g5, na tura d5 ya ci na rama da doki, sai ya faɗa f7. Sarkina ya ƙare a e6 tsakiyar fili, yaron da bai wuce shekara 12 ba yana ta ce min kish, wato yana barazana ga sarkina. In koma buɗar Sisiliyan ne, wato in amsa e4 da c5?

Abu Maryam (Makka): Wa alaikassalam ƙanena. Ba laifin e5 ba ne, laifin ramuwar nan ce a taku na 5. Kar ka ci sojan, kai dokinka na c6 zuwa a5 ka kori giwar, soja ɗaya zai tafi amma kayanka za su fito da wuri shi kuma ya yi ta ja da baya. In ma ba ka son rigimar, tun a taku na 3 fito da giwa c5 kafin doki, in ya kuskura ya zo g5 wazirinka ya ɗauke shi kyauta. Sisiliyan kuwa sai mai lokacin hadda, musamman reshenta Najdorf, kai da ke tashi aiki bayan isha'i ina ka ga wannan lokacin.

Ummu Sultan: Ni buɗar Karo-Kan ce ta rufa min asiri, c6 sai d5, giwa ta fita f5 kafin in rufe da e6. Shekara biyu ba wanda ya taɓa min f7.

Bakatsine a Riyad: Malam Abu Maryam ya gama magana. Zan ƙara da agogo kawai, na kalli gasar Sarki Salman nan Riyad a 2017, Anand yana da shekara 48 ya ci rafid, Carlsen ya ci bilis (wasan da ya fi rafid sauri), abin da suka saba suke bugawa hannu na tafiya da kansa. Riƙe buɗa ɗaya ka san ta ciki da bai.

Ɗan Karantina: Na gode yaya, giwa c5 ɗin ta kwanta min. In ya tura c3 da d4 kuma fa, ina zan kai ta?