Ƙanena ya kamu da shan tiramol: gidan mari ko asibiti?

Yayar Gida:
Assalamu alaikum. Ina neman shawara a kan ƙanena mai shekara 23, wanda yake tuƙa a-daidaita-sahu. Ya fara shan tiramol ne da hujjar cewa sai da ita yake iya yin aiki tun daga asuba har bayan isha'i, ya haɗa kuɗin balas na mai mashin, ya kuma sami na kai wa gida. Makon jiya ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida yana jijjiga, kumfa na fita daga bakinsa, kuma da muka laluba aljihunsa sai muka ga katin ƙwaya mai lamba 225. Kawunmu ya ce a kai shi gidan mari a sa masa sasari har jikinsa ya manta da ita. Mahaifiyarmu kuwa kuka kawai take yi. Wace hanya ce ta fi?

Ma'aikacin Jinya:
Wa alaikumus salam, Yaya, Allah Ya ba shi lafiya. Wannan jijjiga ba aikin iska ba ce, sananniyar illa ce ta tiramol idan ta yi yawa a jiki. A asibiti ƙwayar da ake ba majinyaci mai miligiram 50 ce ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini, don haka wanda ya haɗiye biyu masu lamba 225, wato miligiram 450, ya riga ya tsallake iyaka. Haɗarin yana ƙaruwa idan aka haɗa ta da rochi ko maganin tari mai kodin, domin dukkansu suna danne numfashi, har mutum ya kwanta barci ya zarce.

Ina roƙonku kada ku ɗaure shi. Jikin da ya saba da ita, idan aka yanke masa lokaci guda, zai shiga zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, wani ma har gane-gane yake yi. Likita yana rage ta ne sannu a hankali tare da magance waɗannan alamomi. Akwai asibitin masu taɓin hankali a Dawanau a Kano, da na tarayya a Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato, kuma zuwa can ba ya nufin an ce ƙaninki mahaukaci ne.

Malamin Makaranta:
Ki tuna wa kawunku abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fitar da mutane fiye da 300 daga wani irin wannan gida, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Sannan ku daina jin kamar gidanku kaɗai abin ya faɗa wa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi shaye-shaye a Najeriya cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol suka sha. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, amma a ganina hana kwalba bai cire buƙatar daga zukatan masu sha ba.

Tsohon Direba:
Ni na sha ta shekaru, kuma Allah Ya raba ni da ita. Abin da ba a faɗa muku ba shi ne, idan ya warke ya koma tasha ɗaya da abokai ɗaya da balas ɗaya, zai iya komawa ruwa, kuma adadin da yake sha a da yana iya halaka shi bayan jiki ya daina sabo. Ku zauna da mai mashin a rage masa sa'o'in aiki.

Yayar Gida:
Na gode ƙwarai. Na karanta wa kawu bayanin Ma'aikacin Jinya, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shi da kansa zai raka mu asibiti ranar Litinin.