Fensir na gogewa, tawada na narkewa: me zan fesa wa zanena?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu zane. Ni mai haɗa katun ne a nan Kano, ina shirin baje kolin zanena na hannu a wani zaure kusa da Gidan Makama: akuya da tabarau, direban adaidaita sahu mai wuyan jimina, irin waɗannan dai.

Inuwar da fensir mai laushi 6B na yi ta, layukan kuma da tawadar allo, ta gawayi da ƙaro, don baƙinta ya fi kwanta mini.

Ga inda na maƙale. Da yatsa ya taɓa fensirin sai ya shafe. Na gwada feshin riƙe zane a kan takarda ɗaya, tawadar ta jiƙe ta bazu, gemun akuyar ya zama dabbare-dabbare, tunda ƙaro ba ya jure ruwa. Wani ya ce feshin gashi, amma shi yana sa takarda rawaya idan ta daɗe. Ga ƙurar hunturu na tafe.

Don Allah wa ya taɓa haɗa waɗannan biyun? Akwai feshin da ba ruwa cikinsa a Sabon Gari? Ko in haƙura, in sa gilashi da kwali a tsakani don kada ya taɓa takardar?