Saura kwana 16 gasar ninkaya, koci ya rage wa yarona atisaye: daidai ne kuwa?

Direba a Jidda:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, amma yau akwai abin da ya tsaya min a rai.

Babban yarona shekararsa 15, a nan Jidda aka haife shi. Shekara shida ke nan yana ninkaya a wani kulob, iyon kwaɗo yake yi, mita 100 da mita 200. Ni nake kai shi kullum bayan la'asar, in ban da Juma'a, in zauna a benci har a tashi. Duk hunturun nan mita 6000 suke yi a rana. Yanzu saura kwana 16 babbar gasar da suka shekara suna jira, sai kocinsu, wani Bamisre mai haƙuri, ya mayar da su 4500, kuma ya ce mako mai zuwa za su sauka zuwa 3000. Shekaranjiya ma ba su daɗe a ruwa kamar da ba.

Abin da ya ɗaga min hankali shi ne yaron da kansa. Ya ce hannuwansa sun yi nauyi, ruwan ma ba ya jin yana kama shi kamar da. Da dare sai juye-juye, ya ƙara kusan kilo ɗaya, ga faɗa da ƙannensa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Zan faɗi laifina don ku gane dalilin tsorona. Bara da aka yi irin wannan ragin, ban yarda da shi ba. Ban gaya wa kocin ba, na riƙa kai yaron wani masbah, wato wurin ninkaya, na kuɗi bayan isha'i, dare biyar a jere, yana ƙara mita 2000. Ranar gasa, a tseren mita 100, mita 50 na farko ya fita da kyau, amma a 25 na ƙarshe sai ka ce an ɗaura masa buhun shinkafa a ƙugu. Ya yi 1:14.9, wato minti ɗaya da daƙiƙa 14.9, alhali a atisaye ya taɓa yin 1:13.6. A mota ya lulluɓe kansa da tawul, har muka iso gida bai ce uffan ba. Har yau ina ganin wannan tawul ɗin.

Bana na kama kaina, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Wannan nauyin da yake ji ba alamar ƙarfinsa na zubewa ba ne? Sannan na ɗauke shi a waya, na ga wajen juyawa hannunsa na hagu na riga na dama taɓa bango. Na kuma ga wani a YouTube yana koyar da wata sabuwar hanyar jan ruwa. In sa shi ya gwada yanzu, ko lokaci ya ƙure?

Tsohon ɗan ninkaya, Riyad:

Wa alaikumus salam Alhaji. Da farko Allah ya saka maka da ka faɗi abin da ya faru bara ba tare da ɓoye-ɓoye ba, domin iyaye da yawa suna yi, ba sa faɗa.

Kocin nan yana kan hanya. Abin da yake yi shi Larabawa ke kira tahdi'a, wato sassautawa kafin gasa. Watannin da yaro ya yi yana cin mita 6000 sun tara masa abu biyu a jiki lokaci guda: ƙarfi da gajiya. Gajiyar ce ta danne ƙarfin, shi ya sa ba ka ganinsa. Idan aka rage aiki, gajiya tana saurin tafiya, ƙarfi kuwa yana daɗewa kafin ya fara raguwa. A 'yan kwanakin da ke tsakani ake so gasa ta faɗo. Dare biyar ɗin nan naka na bara, gajiyar da kocin ya kwashe ka mayar masa da ita.

Ba zancen baka ba ne. A 2007 wani masani mai suna Bosquet da abokan aikinsa sun haɗa binciken da aka yi a kan wannan, suka ga abin da ya fi ba da sakamako shi ne a rage yawan aikin da kashi 41 zuwa 60 cikin 100 a tsawon mako biyu, amma a bar zafin gudun yadda yake, kuma kada a rage yawan ranakun shiga ruwa. Daga 6000 zuwa 3000 rabi ke nan, ka ga yana tsakiyar ma'aunin. Wani masanin kuma mai suna Mujika ya bi 'yan ninkayar da suka je Olamfik na Sidni a 2000, ya ga a makonni uku na ƙarshe lokacinsu ya gyaru da kashi biyu da ɗan ɗoriya cikin 100. Kada ka raina kashi biyu. Ga mai yin 1:13, kusan daƙiƙa ɗaya da rabi ce, kuma a mita 100 wannan ita ce tazarar da ke tsakanin mai hawa dandamalin karɓar lambar yabo da mai kallo daga benci.

Don haka abin da za ka duba ba tsawon zamansu a ruwa ba ne. Duba ko har yanzu yana ba su gajerun gudu da saurin gasa, kamar mita 25 ko 50 sau huɗu zuwa shida, da hutu mai tsawo a tsakani har numfashi ya dawo. In ana yin wannan, ka kwantar da hankalinka. In kuwa wanka kawai suke yi a hankali, to nan ne za ka yi masa magana cikin ladabi.

Nauyin hannu kuwa, ni ma duk shekara sai na ji shi, yawanci a makon farko. Akwai shekarar da na je wa kocina har da hawaye, na ce na manta iyo. Ya ce in je in kwanta. Saura kwana huɗu gasa na faɗa ruwa na ji kamar an sake min jiki.

Maganar YouTube, don Allah a ajiye ta sai bayan gasa. Jan ruwan da ya yi shekaru yana maimaitawa ba zai sauya a kwana 16 ba, sai dai ya hau kan dakalin tsalle da hanya biyu a ka. Amma taɓa bango dole a gyara, kuma yanzu ne lokacinsa. Dokar hukumar ninkaya ta duniya, World Aquatics, wadda a da ake kira FINA, ta ce a iyon kwaɗo hannu biyu su taɓa bango a lokaci guda, a kowane juyi da kuma a ƙarshe. Alƙali ya ga hagu ta riga dama, an soke shi ke nan ko da shi ya zo na ɗaya. Ka nuna wa kocin hoton da ka ɗauka, ka bar masa gyaran. Haka bugun ƙafa irin na malam-buɗe-littafi da ake yi a ƙarƙashin ruwa bayan tsalle da bayan juyi: ɗaya tak aka yarda. Yara in suka huta, ƙafa ta yi ƙarfi, sai su ƙara na biyu ba su sani ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Yaron da ya huta kowane jan hannu yana kai shi nesa fiye da da, saboda haka lissafinsa na zuwa bango zai sauya, ya iske bangon a tsakiyar ja. A Olamfik na Bejin a 2008, a mita 100 na iyon malam-buɗe-littafi, Phelps na Amurka ya yi daƙiƙa 50.58, Kabic na Sabiya ya yi 50.59. Kabic ya miƙe yana sulalewa zuwa bango, Phelps ya ƙara rabin ja ya dangwara da ƙarfi. A sa yaronka ya riƙa shigowa bango da cikakken gudu daga mita 15, yana ƙirga jansa, har ya san inda zai ƙare.

Ɗan Mai Wurno, mazaunin Madina:

Yaya na Riyad ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Ni a kogin Shuɗin Nilu, a Sudan, na koyi iyo tun ban san agogo ba, yanzu ina koya wa ƙananan yara a nan. Wuri ɗaya nake da ja. Wancan ma'aunin galibi a kan manya aka samo shi, masu cikakkiyar tsoka. Yaro ɗan 15 jikinsa na saurin murmurewa, kuma na sha ganin wanda aka daɗe ana hutar da shi ya kai ƙololuwarsa saura kwana biyar, ranar gasa ya riga ya fara sauka. Ga siririn yaro ni kwana 7 zuwa 10 nake ba shi, musamman mai mita 200. Malam direba, yaya ƙirar ɗan naka take? In ƙaƙƙarfa ne mai faɗin kafaɗa, to ba ni da magana.

Abin da na yarda da shi ɗari bisa ɗari: kada a bar shi ya kwana biyu bai taɓa ruwa ba. Tafin hannu yana manta ruwa da wuri.

Maman 'yan biyu, ma'aikaciyar jinya a Makka:

Baban yara, sannu da ƙoƙari. 'Yata ma tana yi, tun da ta ga Mashael Alayed ta wakilci Saudiyya a ninkaya a Olamfik na Faris a 2024 ba ta bar mu mun huta ba sai da muka sa ta.

Kilo ɗayan nan kada ya sa ku rage masa abinci. Idan aiki ya ragu, tsoka tana cika rumbunta da sukarin da take ajiyewa, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe ruwa kamar giram uku. Man da zai ƙona ranar gasa ke nan. Shinkafarsa, dabino, laban (nono), kaza, duk a bar masa. Abin da za a kiyaye shi ne maiƙo da soye-soyen dare, da duk wani abincin da cikinsa bai saba da shi ba. Ana gobe gasa ba ranar zuwa walimar mandi (shinkafa da nama) ba ce.

Rashin barcin ma na gane shi, jikin da ya saba komawa gida a gajiye ne ya rasa inda zai kai ƙarfinsa. Ku karɓi waya ƙarfe goma. Kuma ku hana ƙwallo a layi, domin a irin wannan makon ne yara ke jin ƙarfi su je su gurɗe ƙafa.

Sai mura. Fitowa daga masbah da jiƙaƙƙen kai, ga zafin Jidda, a faɗa mota mai sanyin na'ura, ni dai ina sa tawa ta busar da kai tukuna, kuma ta nisanci masu tari a makaranta. In ta kama shi, kada a saya masa magani a kanti kai tsaye. Wasu magungunan buɗe hanci suna ɗauke da sinadarin da aka taƙaita wa 'yan wasa a lokacin gasa. A gaya wa likita ɗan wasa ne.

Direba a Jidda:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Ɗan'uwa na Mai Wurno, yaron ya fi ni tsawo, kafaɗarsa ta buɗe tun bara. Duk da haka na kai wa kocin maganarka jiya. Ya ce shi ya sa bai sauke su 3000 tashi ɗaya ba, kuma ƙananan cikinsu sai saura mako guda zai rage musu.

Na nuna masa hoton, na kuma gaya masa abin da na yi bara. Ya yi shiru, sannan ya ce ya yi zargin haka tun a lokacin. Ya tsayar da yaron a bango kusan minti 20 suna juyi kawai, shi yana durƙushe a bakin ruwa yana kallon hannuwan. Ashe yana fara karkata kafaɗa ne don ya juya tun bai taɓa ba. Daga ƙarshe ya ba su mita 50 sau huɗu. Na uku agogona ya nuna daƙiƙa 34.8, bai taɓa yin ƙasa da 35 a atisaye ba. Da ya fito ya ce har yanzu hannun da ɗan nauyi.

Hajiya, an karɓi wayar, mahaifiyarsa ce ke riƙe da ita. Saura kwana 13. Ku sa shi a addu'a, in Allah ya kai mu zan dawo in faɗa muku yadda aka yi.