Jirgin wekbod na hannu: wanne zan ɗauka cikin biyun nan?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar jiragen ruwa. Ina so in sayi jirgina na farko don wasan wekbod, wanda jirgi ke jan mutum da igiya yana tsaye a kan allo, yana tsallake taguwar da jirgin ya tayar. Ni da ƙannena da yarana za mu riƙa hawa, kuma duk 'yan koyo ne. Kuɗina ko kusa da na sabo ba su kai ba, shi ya sa nake neman na hannu.

Guda biyu na gani, duka ƙirar ƙarshen shekarun 1990. Na farko injinsa a tsakiyar jirgi yake, ba shi da hasumiyar ɗaura igiya, ba tankuna ko jakunkunan da ake cika da ruwa don ƙara wa jirgi nauyi taguwa ta yi girma, agogon injin ya nuna awa wajen 900, amma mai shi ya ajiye rasidan gyara na kowace shekara. Na biyu injinsa a baya, ga hasumiya, ga jakunkunan ruwa, awa 400 kacal. Sai dai ya shekara biyu a ajiye, daɓensa yana lotsawa kusa da kujerar baya, kuma mai shi ya ce zai tayar mini da injin a gida da tiyon ruwa mai sanyaya shi, amma ba zai kai shi tafki ba. Na biyun zai cinye kuɗina kaf, na farko zai bar mini kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Zuciyata dai tana kan na biyu. Me kuka gani?

Wani makanikin jirage:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, cire zuciyarka daga na biyun tukuna. Daɓen da ke lotsawa alama ce ruwa ya shiga katako. Jirage da yawa na wancan zamani katako ke ƙarƙashin faibar, har da dogayen sandunan da aka ɗaure injin a kansu. Kamfanin Correct Craft, masu ƙera jiragen Nautique, ya bar katako a 1993, wasu kuma sun ci gaba da shi bayan nan. Idan ruɓewar ta kai ga waɗannan sanduna, sai an cire inji, an fasa daɓen gaba ɗaya, kuma aikin kan kusa kuɗin jirgin kansa. Ka sa sifana a kusoshin da ke riƙe da injin ka ɗan juya. In suna ta juyawa ba sa kamawa, katakon ya tafi.

Awa 400 kada ta ruɗe ka. Injin da aka ajiye shekara biyu ya fi ba ni tsoro a kan wanda ke aiki ana canza masa baƙin mai. Fetur ya lalace a tanki, robobi sun bushe, kuma in wurin ana sanyi mai daskarar da ruwa ba a tsiyaye injin ba, bulok ɗin kan tsage. Yawancin waɗannan jirage injin GM ne mai silinda takwas, lita 5.7, wanda kamfanoni irin su Indmar da PCM suka mayar na ruwa. Kayansa na samuwa, kuma awa 900 da kulawa ba tsufa ba ne a wurinsa.

Ko wanne ka nufa, a auna matsin kowace silinda, kada bambancinsu ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. Ka zaro ma'aunin baƙin mai, in ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga. Ka duba man giya ma. Ka tambaya yaushe aka canza robar famfon da ke jawo ruwan sanyaya inji, don ita ba ta jimawa. In jirgin ya taɓa zama a ruwan gishiri, sai an duba tsatsa a hanyoyin hayaƙi.

Batun tiyo kuwa, inji na iya yin ƙara mai daɗi a tsakar gida ya kasa jan mutum ɗaya a tafki. Karkacewar sandar farfela, zamewar giya, zafi da yoyo, duk sai a cikin ruwa suke bayyana. Wanda ya hana ka gwaji, ka bar masa kayansa.

Wani tsohon ɗan wasa:
Malam makaniki ya yi gaskiya kan na biyu, amma ban yarda a tura ka ga na farko da gudu ba. Mai inji a tsakiya don wasan siki, wato sulu a kan ruwa da siraran alluna, aka ƙera shi, inda ake son taguwa ƙarama. Mai inji a baya kuwa, nauyinsa na danne bayan jirgin, taguwa ta yi tudu, kuma tsakiyar jirgi ta zama fili ga mutane. Kai da za ka ɗebo ƙanne da yara, akwatin injin nan a tsakiya zai takura ku ƙwarai. Ni da zan ba ka shawara, ka ƙara haƙuri ka nemi na uku, mai inji a baya kuma lafiyayye. Ka duba jirgin Moomba, wanda masu ƙera jiragen Supra ke yi don masu ƙaramin ƙarfi. Ƙarshen kakar wasa masu jirage sun fi saukowa a ciniki.

Makanikin:
Yaya, taguwa mai tudu ta ƙwararru ce. Ɗan koyo tashi daga ruwa da tsayuwa yake fama da su, ƙaramar taguwa ma ta fi masa sauƙi. In ya ƙware sai ya sayi jakunkuna, kowace litar ruwa kilo ɗaya ce, ya jera su gefen inji. Hasumiya ma ana ɗorawa daga baya.

Tsohon ɗan wasan:
Haka ne, amma ya lura da iyakar nauyin da aka rubuta a jikin jirgin, don ruwan jakunkuna da mutane duk a lissafi ɗaya suke. Kuma abin da zan fara sa wa kuɗi, kafin hasumiya, shi ne na'urar riƙe gudu irin PerfectPass. Ana jan wekbod ne wajen kilomita 30 zuwa 38 a awa, yara ƙasa da haka, kuma sabon direba ba ya iya riƙe gudu ɗaya. Yana ƙarawa yana ragewa, na kan allo yana ta shan ruwa.

Wata 'yar'uwa:
Ba wanda ya taɓo tirela, alhali ita ce za ta fara ba ka wahala. Duba boris, birki, fitilu da shekarun tayoyi, ka leƙa tsatsa a ƙarƙashin firam. Ka haɗa nauyin jirgi da tirela da fetur ka gwada da abin da littafin motarka ya ce za ta iya ja. Sannan takardu: a bayan jirgin ta hannun dama akwai lamba mai haruffa da alƙaluma 12, biyun ƙarshe su ne shekarar ƙirar. Ta yi daidai da ta takarda, sunan mai sayarwa ya zama shi ne a kai, kuma ka tabbata ba bashi a kan jirgin.

Ragowar kuɗin nan da kake gani kamar riba, suna da masu jiransu: inshora, wurin ajiya, rigunan ceto daidai jikin kowane yaro, igiya, allo, da fetur, wanda waɗannan injina ke sha ba wasa. Tunda da yara, don Allah kada kowa ya zauna ko ya rataya a dandamalin baya inji na aiki. Hayaƙin yana da iskar da ke kisa, ba ta da wari. A kashe inji duk lokacin da wani zai hau daga ruwa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na fasa na biyun. Mai na farko ya yarda mu shiga tafki ƙarshen mako, zan tafi da makaniki da yaran don mu ga ko wurin zama zai ishe mu. In ya matse, zan bi shawarar Yaya in jira. Akwai abin da zan lura da shi ranar?

Makanikin:
Ka roƙe shi kada ya tayar da injin kafin ku iso, ka taɓa shi da hannunka ka ji da sanyi, don a tashin farko matsala ke nunawa. A kunna fankar fitar da tururin fetur minti huɗu kafin a murza makulli. Ku ba shi wuta har ƙarshe, idonka a kan agogon zafi da na matsin mai, ƙafarka tana jin ko daɓen na karkarwa. Ku ja mutum ɗaya a baya. Da kun dawo, ka buɗe ƙasan jirgin ka ga yawan ruwan da ya taru. Ɗan ɗigo daga inda sandar farfela ta ratsa jikin jirgi ba komai ba ne, amma in famfon kwashe ruwa yana ta tashi a kai a kai, kada ka biya sai an gano inda yake shigowa.