Takalmin hawa injin tuƙin kwalekwale: wa ya ce safa ƙauyanci ce?

Mai ƙorafi: Jama'a, yau raina ya ɓaci. Wata uku ina tari na sayi kambas na gudu, mai kaurin ƙasa, taushi kamar katifa. Na je wurin motsa jiki na hau injin tuƙin kwalekwale, sai mai koyarwa ya ce in cire, wai soson ƙasan yana shanye ƙarfin da nake tokarawa da shi. A gaban mutane fa! Na waiga, ga wani can yana ja da safa kawai, ba a ce masa uffan ba. Takalmi mai tsada ya zama laifi, ƙauyanci ya zama daidai?

Baban Biyu: Malam, janye kalmar nan. Shekara biyu ina hawa da safa. Ni ne baƙauyen?

Ɗan Yawuri: Ka yi mini daidai, Yaya. Iyayenmu da ke tuƙa kwalekwale a kogin Kwara wa ya taɓa ganinsu da kambas? Duk wanda ya ce musu ƙauyawa, da ni yake.

Malamar Makaranta: Ɗan'uwa, ba abu ɗaya ba ne. Mai kwalekwale da hannu da kafaɗa yake aiki. Injin nan kujerarsa zamewa take, yawancin ƙarfin daga cinya yake fitowa, ka tokara da tafin ƙafa sannan baya da hannu su biyo. Shi ya sa ake son takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, siriri, wanda ba ya lotsawa, madaurin injin kuma ya bi ta kan faɗin ƙafa daidai gindin yatsu. Na gudu an yi shi ne don ya tare dukan ƙasa, a nan kuwa ba ka dukan komai.

Ɗan Yawuri: Hajiya, wato iyayenmu ba su da ƙarfin ƙafa ke nan?

Malamar Makaranta: A ina na faɗi haka?

Alhajin Kwari: Ni abin da ya dame ni "mai tsada" ɗin nan. Nawa ka saya? Na rantse gwanjo ne.

Mai ƙorafi: Alhaji, da girmanka. Sabo ne dal a kwalinsa.

Baban Biyu: Ku bar zancen kuɗi, ƙauyanci muke kai. Masu tseren kwalekwale na gasar Olamfik, masu yin mita 2000, takalmansu a kafe suke a jikin jirgin, da safa suke zura ƙafa. Su ma ƙauyawa ne?

Ɗan Auta: Baba, ni dai na gwada safa a kan irin injin nan, ƙirar kamfanin Concept2, kafin in gama mita 5000 robar da ke riƙe dunduniya ta yi mini bororo. Kwana huɗu ina ɗingishi. Ga zufar mutane a wurin, wa ke gogewa?

Baban Biyu: Yanzu kuma ƙazamai muka zama? Yaro, ka iya bakinka.

Alhajin Kwari: 'Yan birni ke nan, fatar ƙafa kamar ta jariri.

Mai ƙorafi: Don Allah, ni tambayata ita ce ko mai koyarwar yana da ikon kunyata ni.

Shugaban zaure: To, ya isa haka, an kusa kiran magariba. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda safa ta fi, kuma ni ma da ita nake hawa tun da na fara. Maganar bororo rashin sabo ne, ƙafa za ta yi kanta. Hajiya ta kawo bayanin siririn takalmi, mun gode, amma wannan ɗawainiya ce kawai. Mai ƙorafi ya ba Baban Biyu haƙuri kan kalmar da ya faɗa, kambas ɗin kuma ya ajiye shi don gudun safe. Na rufe.